Mazaunin Ƙaramar Mesa a Gidan Haya na Zango

Ƙaramar mesa, wadda masana ke kira Python regius, macijiya ce marar dafi da ke rayuwa a filayen ciyawa da gefen kurmi da tsofaffin gonaki, tun daga Senegal har zuwa Uganda. Wani masanin dabbobi ɗan Ingila, George Shaw, shi ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1802. Idan ta gama girma tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 90 da 150, kuma mace ta fi namiji kauri da nauyi. Bai kamata a haɗa ta da babbar mesa ba, wadda kan wuce mita huɗu, ta haɗiye akuya. Ita ƙaramar abincinta ɓera ne da ƙananan tsuntsaye, kuma idan ta tsorata ba ta cika kai sara ba. Nannaɗe jikinta take yi ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiya, ta jira abin da ya firgita ta ya wuce. Wannan sanyin hali ne ya sa ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a duniya.

Mafi yawan waɗanda suka bar Afirka daga Ghana da Togo da Benin suka fita. Da rani mafarauta kan bi ramuka suna tono ƙwai da matan da ke ɗauke da ciki, su kai wa masu gidajen kiwo, a ƙyanƙyashe, a zuba 'ya'yan a jakunkunan yadi, a sa su a jirgi zuwa Amurka da Turai da Asiya. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1970 an fitar da fiye da miliyan uku daga Afirka ta Yamma. Wannan tarihi ya bar wani abu da ya shafi mai kiwo a Accra kai tsaye. Kusan duk ƙa'idojin kiwon da ke yawo a littattafai da intanet an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, inda babbar wahala ita ce samar da ɗumi da danshi. A unguwannin Nima da Maamobi na Accra mesar tana cikin yanayin ƙasarta, domin ana samun ta a filayen da ke gabashin Accra har zuwa wajen tsaunukan Shai. Wanda ya kwafi shawarar mutumin Jamus ba tare da ya auna ɗakinsa ba, zai iya kashe dabbarsa da zafin da ya saya da kuɗinsa.

Abin da ya kamata akwatin da za a ajiye ta a ciki ya kwaikwaya shi ne rami. A daji ƙaramar mesa tana wuni a ramin ɓera ko na gafiya, ko a cikin tsohon suri, sai dare ya yi ta fito. Cikin irin wannan rami akwai duhu da matsi, danshinsa bai cika sauyawa ba, kuma ko rana ta ƙwalle a waje zafinsa ba ya hawa sosai. Duk wani shiri da za a yi, daga girman akwati zuwa wurin ajiye kwanon ruwa, da wannan ake gwada shi.

Kafin a kira kafinta

Ƙaramar mesa dabbar daji ce a idon doka. A Ghana Sashen Namun Daji da ke ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ne ke ba da izinin kamawa da ajiyewa da fitar da irin waɗannan dabbobi, kuma akwai lokacin hana farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba. Takardar izini ta riga akwati. Haka kuma ya fi dacewa a nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo da ke da lasisi, domin babbar da aka tono daga rami takan zo da kaska da tsutsar ciki, kuma takan yi watanni ba ta karɓi abinci ba. Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta riga ta sanya wannan nau'i cikin waɗanda ke kusa da shiga haɗari, kuma kowace uwa da aka ɗauke daga daji asara ce ga manomin da take rage wa ɓeraye.

Bayan doka sai maƙwabta. Nima, wadda ta fara a matsayin zangon Malam Amadu Futa a shekarun 1930, yanzu tana cikin unguwannin da suka fi cunkoso a Accra, kuma Maamobi ba ta bambanta da ita ba. Gida ɗaya kan ƙunshi iyalai da yawa, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, yara suna shiga ɗakin kowa. Mutane da dama a cikinsu sun taso ne a arewa, inda kububuwa da kasa da kumurci ke kashe mutum a gona, kuma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoronsu yana da tushe. Ajiye maciji a ɓoye a irin wannan gida zalunci ne ga mutanen da kuma dabbar, domin ranar da ta kuɓuce taɓarya ce za ta tarbe ta. Sai mai gida ya sani, sai waɗanda ake katanga ɗaya da su sun yarda. A ɓangaren addini ma malamai da yawa ba sa ganin dacewar ajiye maciji, don haka wanda abin ya dame shi ya fara da tambayar malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne nauyin da ke kan duk wanda ya tsare dabba, kamar yadda sanannen hadisin matar da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci ya nuna.

Nauyin kuma mai tsawo ne. A hannun mai kula da kyau ƙaramar mesa takan kai shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na St. Louis a Amurka an sami wadda ta kai kimanin shekara 62, har ta yi ƙwai a 2020. Saurayin da ya saye ta yau ya sani cewa za ta iya ganin aurensa da yayen 'ya'yansa.

Ɗaki da akwati

Zaɓen wurin da akwatin zai zauna ya fi ƙera shi muhimmanci. Yawancin ɗakunan zango rufin kwano ne, wasu ba silin, taga ɗaya, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin rana a Accra kan kai digiri 32 zuwa 33 a ma'aunin Selsiyas, cikin irin wannan ɗaki da azahar yakan haura haka. Maciji ba ya gumi kuma ba shi da hanyar sanyaya jikinsa sai ta matsawa wuri mai sanyi. Idan duk akwatin ya wuce digiri 35 na tsawon sa'o'i, ba ta da wurin gudu, kuma hakan kan taɓa mata ƙwaƙwalwa ko ya kashe ta. Saboda haka a rataya ma'aunin zafi a ɗakin na tsawon mako guda kafin a sayi komai, ana duba shi da asuba, da azahar, da bayan isha'i. Wurin da ya dace shi ne jikin bangon ciki wanda rana ba ta duka, nesa da taga, nesa da murhu da talabijin da lasifika, domin maciji yana jin girgiza ta jikinsa. Kada a ajiye shi a ƙasa. Gidajen da ke kusa da babbar kwatar Nima sun san yadda ruwa ke shigowa ɗaki a watan Yuni, don haka a ɗora shi a kan teburi mai ƙarfi, kamar tsayin gwiwa ko fiye.

Ga ƙaramar mesar da ta gama girma, mafi ƙarancin girman akwatin da masu kiwo na yanzu suka fi amincewa da shi shi ne santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi, yadda za ta iya miƙe jikinta. Jaririya, wadda ba ta wuce santimita 25 zuwa 45 ba, za ta iya fara zama a babbar robar ajiye kaya mai murfi da maƙalli, a huda mata ƙananan ramukan iska, har ta yi kamar shekara guda.

Akwatin gilashi irin na kifi shi ne aka fi gani a hotuna, amma bai dace ba. Ta sama kawai ake buɗe shi, kuma hannun da ke saukowa daga sama a wurin maciji daidai yake da shaho. Gefensa huɗu a bayyane suke, alhali dabbar ɓuya take so. Abin da ya fi shi ne akwatin katako mai bango uku a rufe, gabansa ƙofar gilashi mai zamewa. Kowane kafinta a unguwa zai iya yin jikin da filawud mai kauri daga kasuwar katako ta Accra, masu aikin tagar alminiyam kuma su yanka gilashin da layin da zai bi. Sai dai danshin Accra yana cin filawud, saboda haka a shafe cikin da fenti ko banish mai hana ruwa shiga, a toshe kusurwoyi da silikon irin na akwatin kifi, a bar shi a buɗe a inuwa har warin ya fita gaba ɗaya, ko da zai ɗauki mako biyu. A guji katakon da aka jiƙa da maganin gara ko baƙin mai.

Iska tana bukatar hanyar shiga da ta fita. A yanka taga ƙarama a ƙasan gefe ɗaya, wata a saman ɗaya gefen, a rufe su da ragar waya mai laushi wadda aka ɗaure da sukurori daga waje. A nan mai kiwo a Accra ya kamata ya buɗe fiye da abin da littattafan Turai ke faɗa, domin su suna ƙoƙarin tsare danshi ne, shi kuwa yana da shi har ya yi yawa. Batun kulle kuma ba abin wasa ba ne. Ƙaramar mesa tana da ƙarfi fiye da yadda girmanta ke nunawa, tana bin kowane gefe da hancinta tana turawa, kuma duk ramin da kanta ya shiga jikinta zai bi. Tazarar da ke tsakanin gilasai biyu kada ta kai kaurin ɗan yatsa, ramin wayar lantarki a toshe shi, ƙofar kuma a sa mata makulli mai ɗan mabuɗi, saboda mesar da kuma yaran gida. Ba a amfani da salatif a cikin akwati ko kaɗan, domin idan ya manne a jikinta yakan ɗaye fata.

Zafi da danshi

Abin da ake nema shi ne bambanci tsakanin gefe biyu: gefe mai ɗumi kamar digiri 31 zuwa 32, gefe mai sanyi kamar 25 zuwa 27, yadda za ta zaɓi inda take so, musamman bayan ta ci abinci, lokacin da take bukatar ɗumi don narkewa. A yawancin watannin shekara ɗakin zango ya riga ya ba da gefen ɗumin, aikin da ya rage shi ne samar da mai sanyi. Falen tayil ko faffaɗan dutse a ƙasan gefe ɗaya, da tukunyar ƙasa da aka kife a kansa, da babban kwanon ruwa a kusa, suna rage zafi sosai. A ranakun tsananin zafi ana iya naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara da tsumma a ɗora a kan ragar sama, a kunna fanka a ɗakin ba tare da an saita ta cikin akwatin ba.

Ɗumamawa tana da lokacinta. A Yuli da Agusta, da wasu dararen hunturu, zafi kan sauka zuwa digiri 22 ko 23 kafin asuba, haka ma ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki. A nan ƙaramar tabarmar ɗumi ko ƙwan ɗumi marar haske a gefe ɗaya ya isa, da sharaɗin a haɗa shi da na'urar daidaita zafi wadda ke yanke wuta idan an kai iyaka, kuma a kewaye ƙwan da raga. Maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba. Ɗaukewar wuta, wadda mutanen Accra suka sha a shekarun dumsor, ba ta da haɗari ga mesa da dare, domin daren Accra ba ya yin sanyin da zai cutar da ita a cikin 'yan sa'o'i. Haɗarin yana da rana, idan fanka ta tsaya a ɗakin da aka kulle aka tafi kasuwa.

Danshin da take so yana tsakanin kashi 60 da 80 cikin ɗari, kuma iskar Accra a mafi yawan shekara a nan take. Don haka yawan fesa ruwa da ake koyarwa a bidiyo ba shi da amfani a damina, illa ma ya jiƙa shimfiɗa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a akwatin da iska ba ta ratsawa ita ce ke kawo funfuna, da ruɓewar ɓawon ciki, da ciwon numfashi. Iska mai danshi ake so, ƙasa kuwa a bushe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne kaɗai, idan hunturu ya sauko da ƙura, danshi kan faɗi, sai a zuba ɗan ruwa a kusurwar shimfiɗar a kuma rufe rabin ragar sama. Ƙaramin ma'auni mai nuna zafi da danshi tare, ɗaya a kowane gefe, shi ne zai raba gardama.

Shimfiɗa da kayan ciki

Ɓawon kwakwa shi ne shimfiɗar da masu kiwo a Turai ke saya da tsada, alhali a Accra masu sayar da ruwan kwakwa zubar da shi suke yi. A samo busasshe, a daddatsa shi ƙanana, a wanke da ruwan zafi, a shanya har ya bushe ƙarau, sannan a zuba kaurin santimita 5 zuwa 8. Garin katako na wurin kafinta bai dace ba: ƙurarsa tana shiga huhu, kuma ba a san irin itacen da maganin da ke cikinsa ba. Yashin teku ma haka, ga gishiri ga toshe ciki idan ta haɗiye shi tare da abinci.

Maɓoya biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya a kowane gefe, kuma su zama iri ɗaya, don kada ta zaɓi wadda ta fi jin aminci a cikinta ta haƙura da zafin da bai dace ba. Kasko ko tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa a gefe, aka goge bakin da dutse, ta fi duk wani abin roba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba ta maɓoya mai faɗi. Ita tana so ta ji bango yana taɓa ta ta kowane gefe, saboda haka tukunyar da ta cika ta dam ita ce daidai. Sauran filin kuma kada a bar shi fayau. Busassun ganye masu tsabta, guntun ɓawon itace da ganyen roba suna ba ta damar ratsawa daga gefe zuwa gefe ba tare da ta ji a fili take ba. A sa reshe mai kauri a ɗaure shi da kyau. An daɗe ana cewa ba ta hawa, amma binciken da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998 daga kudancin Najeriya ya nuna mazan kan hau bishiya, kuma tsuntsaye sun fi yawa a abincinsu fiye da na matan. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi, wanda ba za ta kifar ba, kuma mai faɗin da za ta iya shiga ta jiƙa jikinta.

Akwai haɗari guda da littattafan waje ba su cika ambata ba, kuma a zango shi ne na kullum: maganin sauro. Feshin maganin ƙwari da hayaƙin igiyar sauro guba ne ga maciji, haka ma yawan turaren wuta a rufaffen ɗaki yana damun huhunta. Ɗakin da mesa take sai dai a dogara da gidan sauro da ragar taga. Idan dole ne a yi feshi, ko ma'aikatan tsabta sun zo fesa gida, a fitar da ita da kwanon ruwanta, kada a mayar sai ɗakin ya sha iska sosai. Tururuwa da cinnaka kuma sukan bi warin abinci ko kashi su afka wa jaririya, don haka a tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa maimakon barbaɗa hoda.

Shigar da ita

Idan an gama shiri, a bar akwatin ya yi kwana bakwai babu kowa a ciki, ana duba ma'aunai safe da rana da dare. Bayan an kawo mesar, watan farko a shimfiɗa mata farar takarda maimakon ɓawon kwakwa, domin a kan fari ne ake ganin ƙananan baƙaƙen ƙwarin da ke shan jinin maciji, a kuma ga yanayin kashinta. A duba ƙarƙashin ɓawonta da kewayen ido don neman kaska. Idan akwai wani maciji a gidan, a raba musu ɗaki da kayan aiki na wata biyu zuwa uku, kuma ko bayan haka kowace da akwatinta. Makon farko ba a ɗaukarta, ba a nuna wa baƙi, ruwa kawai ake sauyawa.

Abincin farko sai bayan kwana bakwai, da dare, ɓera ɗaya wanda kaurinsa bai wuce wurin da ya fi kauri a jikinta ba. Jaririya takan ci kowane mako, babba kuwa kowane mako biyu zuwa uku. Ɓeran gida da na kwata ba abinci ba ne ko kusa: da yawansu sun ci guba, suna ɗauke da tsutsa, kuma ɓeraye ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya ɓulla a Accra a farkon 2023. Sai dai wanda aka kiwata a keji mai tsabta. Matacce da aka ajiye a ƙanƙara, aka narkar da shi a ruwan ɗumi, aka miƙa da dogon matsefi, ya fi mai rai, domin ɓera mai rai da aka bari a akwati yakan ciji mesar da ba ta jin yunwa har ya yi mata rauni. Bayan ta ci, a bar ta kwana biyu ba a taɓa ba, in ba haka ba ta amayar. Ƙin cin abinci na wasu makonni, musamman ga namiji a lokacin rani, ba ciwo ba ne muddin nauyinta bai ragu ba, shi ya sa ake auna ta a sikeli sau ɗaya a wata a rubuta.

Saɓa ita ce ke nuna ko akwatin ya yi daidai. Ƙarama takan yi ta kowane mako huɗu zuwa shida, babba kuwa a jinkirce. Kafin nan launinta kan dushe, idonta ya yi shuɗi-shuɗi, ta ƙi abinci. Idan saɓar ta fita ɗungurungum har da murfin ido, danshi ya isa. Idan ta fita gutsi-gutsi, a ƙara maɓoya ta uku mai ɗan jiƙaƙƙen zaren kwakwa a ciki. Kashi da farin fitsarinta a kwashe su ranar da aka gani, shimfiɗa duka a sauya ta kowane wata ɗaya zuwa biyu. Macizai suna ɗauke da ƙwayar Salmonella a cikinsu ko da lafiyarsu ƙalau, saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki, kwanonta kada ya haɗu da kwanukan abinci a wurin wanke-wanke na tsakar gida, kuma a nisantar da ita daga jarirai da masu juna biyu. Numfashi mai ƙara, kumfa a baki, buɗe baki a kai a kai ko jan tabo a ɓawon ciki alamu ne na a kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ba kowane likita ne ya saba da macizai ba, don haka tun kafin bukata ta taso a tambayi ma'aikatan gidan namun daji na Accra da ke dajin Achimota, ko makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Ghana a Legon, a san wanda za a nufa.